Tabarmin da Aini Ta Naɗe

Ranar bikin Safiya ƙarama na ji wata magana da ta hana ni cin tuwo. Ina zaune a tsakar gida ina hutar da ƙafafuna, sai na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba don ta san kanta, tana ba ƙawayenta labarin kakarta Aini. Wai ita ce matar da ta kori masu gaisuwar mutuwar uwarta, ta naɗe tabarmi a gaban manya. Suka kwashe da dariya, ita ma ta taya su. Ban tanka ba, don ba a gyara zance a cikin kiɗa. Amma Allah ya ɗauki Aini, Gwaggo Dije ta daɗe da tafiya, Yaya Haruna ma ya bi su, ni kaɗai na rage cikin manyan da suka tsaya a tsakar gidan nan a ranar. To ku saurara, ku 'ya'yana da 'ya'yan Yaya Sale da jikokinmu duka. Tabarmi kam ta naɗe su, da idona na gani. Abin da ba a gaya muku ba shi ne dalilinta, da abin da hakan ya jawo mata, da kuma yadda aka ƙare.

Yaya Sale, wana na biyu, ya yi shekaru a Makka yana ɗinki. Da ya tashi dawowa Gwaram sai ga shi da mata, 'yar ƙarama, mai siraran idanu, tsayinta bai kai kafaɗata ba. A Makka duk mutanen tsibiran Indunusiya Jawa ake ce musu, don haka gari ya raɗa mata 'Yar Jawa, ita kuwa har ta koma ga Allah tana gyara mana cewa tsibirinsu daban ne, ƙarami, sai an wuni a jirgin ruwa kafin a kai shi. Sunanta Nuraini, mu muka gutsure shi muka bar Aini. Tana budurwa ta zo Hajji da iyayenta, mahaifinta ya rasu a can, uwarta ta koma gida wurin ƙanana, ita ta zauna hannun wata gwaggonta tana taya ta sayar wa alhazai abinci. A nan Yaya ya gan ta, ko in ce a nan barkononta ya kama shi.

Ni ce ƙanwar miji, wasa da ita haƙƙina ne, kuma ban ɗaga mata ƙafa ba. Matarmu nake ce mata, ita kuma ta ce mini Malama, saboda ina koyarwa a firamare a Birnin Kudu. Ranar da ta fara tuƙa mana tuwo gudaji muka ci, ranar da ta fara yi mana miyar garinsu kuwa Yaya Haruna, babban wanmu, sai da ya kusa shanye randa. Ba a daɗe ba Hausa ta zauna a bakinta, har tana zagin akuya da harshen Gwaram. Tsakaninta da uwarta kuwa kaset ne. Duk shekara sai ta ɗauki muryarta ta ba alhazan garinmu, su kai wani shago a Makka na wani ɗan tsibirinsu, su karɓo wanda tsohuwar ta aiko ta hannun nasu alhazan. Mak take ce wa uwar. Duk gidan mun san muryar Mak ko da ba ma jin abin da take faɗa. Murya ce mai kaushi, irin ta matar da ba ta saba maimaita magana ba.

Akwai wata hira da muka yi wadda a lokacin ban ɗauke ta a bakin komai ba. Da rani ne, kogin garinmu ya janye, gari ya fita su. Kun san yadda ake yi, maza da koma da gora, yara suna damƙar tarwaɗa da hannu a cikin taɓo, mata a kan gaɓa da kwanuka ana ihu. Ina gefenta na zungure ta.

"Matarmu, ke da kike 'yar teku, shiga mana ki nuna musu gwaninta."

"Malama, wannan kogin naku a garinmu wurin wanke ƙafa ne," in ji ta. "Ku ci kifinku lafiya, naku ruwan a hankali yake tafiya. Mu a can in ƙasa ta girgiza, ka ga teku ya ja da baya lokaci ɗaya ya bar kifi yana tsalle a kan yashi, ba a ɗauka. Ka saɓi ɗanka ka yi kan tudu, kar ka waiwaya. Ruwan zai dawo, kuma zai fi bishiyar kwakwa tsayi."

"Kifi a ƙasa a banza, a bar shi? Lallai ba a taɓa haihuwar mutumin Gwaram a garinku ba."

Ta yi dariya, amma ta ce wannan ba abin wasa ba ne a wurin Mak. Kakar Mak ce ta tsira daga irin wannan ruwa tana yarinya, ita ta koya mata, ita kuma Mak duk yaron da ya fara tafiya a ƙauyen sai ta zaunar da shi ta gaya masa, wanda ya yi dariya ya sha ludayi a ka. Mu dai tatsuniya muka ɗauke shi, muka koma kallon kifinmu.

Sai ku riƙe wani abu kafin in ci gaba. Da Yaya Sale ya rasu, akwai dangin da suka ce a mayar da ita Makka, a raba 'ya'yan a gidajen baffanni. Gwaggo Dije ce ta hana. Ƙanwar mahaifinmu ce, tana aure a Fagam, mace mai jiki da murya, wadda ba a tsallake maganarta a zuri'armu. Ta buga sandarta a ƙasa ta ce matar Sale tamu ce, wanda zai fitar da ita sai ya fara fitar da Dije. Shi ya sa Aini ta zauna a ɗakinta da 'ya'yanta, tana dafa shinkafa da kifi tana sayarwa, kwanukan gari suna layi a ƙofarta kafin azahar. Ba ta da uwa a ƙasar nan, ba ta da wa, ba ta da ƙani. Gwaggo ce rufin ɗakinta.

A shekarar da nake ba ku labari, an gama girbi, sanyi ya shigo, ni kuma ina ta shirin tafiya Hajji. Wata rana da hantsi maƙwabciyata a Birnin Kudu ta ƙwala mini kira in zo in ga abin da ake nunawa a talabijin. Na je na tsaya, ban iya zama ba. Ruwa ne baƙi yana tafiya a cikin gari, ɗauke da motoci da rufin gidaje da mutane, ga jirgin ruwa a tsakiyar titi. Aka ce ƙasa ce ta girgiza a ƙarƙashin teku, ta taso da igiyar ruwan da suke kira tsunami, ta ci garuruwan bakin teku da tsibirai a ƙasashe da yawa. Mu mun san ambaliya, mun san ruwa ya ci gona ya rushe katanga, a hau tudu a jira ya janye. Wannan ba ita ba ce. Da mai karanta labarai ya ambaci yankin da abin ya fi muni, ashe sunan da nake ji a bakin Aini ne. Ko mayafin kirki ban ɗauka ba na nufi tasha.

Na tarar da gidanmu na Gwaram shiru. Yaya Haruna ya riga ya ji, ya tattara duk rediyon gidan ya kulle a ɗakinsa, ya aika Fagam a kira Gwaggo. Ba mugunta ba ce, al'adarmu ce. Ba ma jefa wa mutum labarin mutuwa kai tsaye, sai a ce jiki ya yi tsanani, a jira babba ya zo ya faɗa. Matan gidan kuwa sai lallaɓa ta suke kamar ƙwai, wannan ta karɓe mata guga, waccan ta share mata ƙofa. Aini ba sakara ba ce. Ina shiga ta ja ni ɗakinta ta sakaya labule.

"Malama, tun jiya ba wanda ya bar ni na ɗauki ko tsintsiya. Rediyo duk sun lalace rana ɗaya. Ga ki kin zo ranar makaranta. Gaya mini."

Ni bakina bai iya ɓoye-ɓoye ba, kun sani. Na gaya mata. Na zaci za ta faɗi, har na miƙa hannu in tare ta, sai na ji tana yi mini tambaya kamar alƙali.

"Ƙasa ta fara girgiza?"

"An ce ta girgiza."

"Da dare ne ko da rana?"

"Da safe aka ce."

Ta rufe ido ta ja numfashi. Ta ce, "Da safe Mak tana bakin teku tana shanyar kifi. Ta gani. Suna kan tudu."

Na riƙe hannunta na kwatanta mata abin da na gani, jirgin ruwa a kan titi, gari guda ba gida ko ɗaya a tsaye. Ta ce babban birni na gani, inda mutane suka manta. A ƙauyensu ba a manta ba, don Mak ba ta bari an manta ba. A raina na ce zafin abin ne, zuwa gobe za ta dawo hayyacinta.

Washegari Gwaggo ta iso da matan Fagam cike da akori-kura, da buhun gero na gumbar sadaka, da tabarmi. Ina so ku fahimci Gwaggo, don ban yarda a zage ta a labarin nan ba. Ƙauna ce ta taso da ita. Cewa ta yi Aini baƙuwa ce, kar duniya ta ce uwarta ta mutu ba wanda ya zauna mata, za a yi mata makoki irin na 'yar gida har ya fi. Aka shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har bakin rijiya, malamai suka zauna a waje, aka fito da turame. Gwaggo ta zauna a kan tabarmar tsakiya ta ce a kira matar Sale. Aini ta fito ta durƙusa ta gaishe ta kamar kullum.

"Gwaggo, wa ya rasu?"

"Haba 'yar nan. Sai haƙuri. Duniya duk ta ji abin da ya sami garinku."

"Wa ya ga gawar Mak? Wa ya yi mata wanka?"

"Wanda ruwa ya ci shahidi ne, 'yar nan. Zauna a yi miki gaisuwa, ki sami sanyi a ranki."

"Gwaggo, in na zauna a kan tabarmar nan na amsa, na binne ta ke nan da bakina. Addu'a ina so, ku roƙa musu Allah ya ba su ruwan sha a kan tudu. Amma gaisuwa ba zan karɓa ba. Ki yafe mini."

Daga nan ta juya ta kama bakin tabarmar da ke kusa da ita ta fara naɗewa. Mata suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna riƙe baki, tana naɗewa tana jinginawa a bango. Da ta zo kan wadda Gwaggo take zaune, ba ta taɓa ta ba. Durƙusawa ta yi a gefe, kanta a ƙasa, tana jira. Gwaggo ta dogara sandarta ta miƙe.

"Ni Dije, in taso tun daga Fagam da tsufana, a naɗe tabarma a ƙarƙashina? Wallahi ƙafata ba ta ƙara taka gidan nan. Ku mayar mini da gerona mota."

Ku 'yan yanzu da kuke gaisuwar mutuwa ta waya ba za ku gane girman abin ba. A ƙasarmu mutum yana iya ƙin bikinka a manta, amma wanda ya mayar da gaisuwarka ya ce maka ba ya cikinku. Kwanukan ƙofar Aini suka fara raguwa har suka koma na yaran maƙwabta. In ta shiga gidan suna sai zance ya mutu. Wasu suka ce taɓin hankali ne, wasu suka ce su Jawa dama ba su san darajar uwa ba. Waɗanda suka so a mayar da ita Makka tun farko suka sake buɗe baki, kuma yanzu ba sandar da za ta buga musu ƙasa. Yaya Haruna ya rasa inda zai sa kansa, ga gwaggonsa ga amanar ƙaninsa. Ita kuwa ba ta fasa komai ba. Ta tashi ta hura wuta ta dafa, wanda ya saya ya saya, sauran ta zuba wa 'ya'yanta. Da safe ta kunna tsohon kaset ƙasa-ƙasa tana wanke-wanke, muryar Mak tana faɗa a tsakar gida. Ta rame har zobenta yana zamewa. Amma ban taɓa jin ta faɗi kalma ɗaya mara daɗi a kan Gwaggo ba.

Da tafiyata Hajji ta zo, ta ba ni kaset kamar yadda ta saba ba kowa, ta kuma zaunar da ni ta yi ta maimaita mini sunan ƙauyensu da na Mak da na ƙaninta Yusuf har suka zauna a bakina. Ni da nake sa yara haddar karatu, ranar na gane abin da nake yi musu. Na isa Makka na nemi shagon, na same shi a rufe. Maƙwabcinsa ya yi mini nuni da hannu cewa mai shi ya tafi gida neman nasa. Ban haƙura ba. A Mina, da rana tsaka, na bar tantinmu na yi ta ratsa tantunan ƙasashe ina tambaya, har aka nuna mini na mutanen yankin.

Abin da ban sani ba shi ne, yawancinsu sun baro gida kafin ruwan ya zo. Ni na je neman labari a wurin mutanen da su ma labarin suke nema. Suna zaune cikin fararen kaya, ba mai magana, ba mai kuka, kowa da carbi. Na faɗi sunan ƙauyen da ƙarfi yadda aka koya mini. Wata tsohuwa ta ji baƙar mace tana kiran sunan garin ƙasarsu, sai ta rarrafo ta kama hannuna da hannu biyu tana jero mini sunaye, tana kallon bakina. Ta zaci ni ce na kawo labari. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, muka rungume juna muna kuka, ba mai jin yaren wani. Wani jami'in alhazansu mai ɗan Turanci ya zo ya ɗaga ni. Na yi masa bayani. Ya ce ya san tsibirin, amma ba waya ba jirgi, ba wanda ya san halin da suke ciki. Na tambaye shi nasa iyalin fa. Ya ce matarsa da 'ya'yansa suna birnin da na gani a talabijin, bai ji komai ba, kuma ba zai bar tsofaffin nan ba sai ya mayar da su gida. Ya karɓi lambar wayata, sabuwar da na saya saboda tafiyar, ya ce in Allah ya kai shi zai tambaya. Har yau in na tuna mutumin nan sai na yi masa addu'a.

Na dawo hannu rabbana, da kaset ɗin a jakata. Na kuma tarar da labarin cewa da Babbar Salla Aini ta aika wa Gwaggo nama da dambun kifi har Fagam, aka dawo da kwanon a rufe yadda ya tafi. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Na zaunar da Aini na gaya mata duk abin da na gani a Mina, ban rage ba.

"Matarmu, ko don yaran nan, ki je ki ba Gwaggo haƙuri a yi zaman nan a wuce wurin. Mutanen da na gani, su kansu sun sallama."

"A cikinsu akwai wanda ya ce miki ya ga gawarta?"

"Babu."

"To Malama, me ya canza?"

Gaskiya a ranar na ɗauka na rasa ta, na ɗauka baƙin ciki ya rufe mata ido. Amma ko a lokacin wani abu a cikina yana jinjina mata. Mace 'yar mitsitsiya, ba dangin iya ba na baba, ta tsaya ita kaɗai a gaban gari guda saboda maganar da uwarta ta koya mata tana yarinya.

Sanyi ya wuce, zafi ya zo ya wuce, aka yi ruwan shuka. Ina cikin aji wata rana wayata ta yi ƙara, na ga lamba doguwa. Jami'in nan ne. Ya ce gobe war haka in kawo Aini kusa da waya, akwai mai son magana da ita. Kafin in tambaye shi komai layin ya yanke. A lokacin waya ba ta kamawa a Gwaram, don haka da sassafe na je na ɗauko ta zuwa Birnin Kudu. Muka zauna a gindin darbejiyar ƙofar gidana, wayar tana kan cinyarta. Da ta yi ƙara sai ta kasa dannawa, ni na danna mata.

Yusuf ne. Ban taɓa jin Aini ta yi doguwar magana da yarensu haka ba, sai na ga kamar wata mace ce daban a gefena. Na ga ta dafe ƙirji, na ga ta yi dariya har da buga ƙafa, sai kuma na ga ta yi tsit tana saurare. Daga ƙarshe ta ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, wannan kam na ji shi. Ta miƙo mini wayar ta fassara mini a hankali. A safiyar da ƙasa ta girgiza Mak tana bakin teku. Ta ga ruwa ya ja baya, ta ɗauki tukunya da ludayi tana bugawa tana ihu. Samarin da suka ruga wajen kifi ta bi su da sanda. Yusuf ya goya ta, ƙauye ya bi su kan tudu, masu jarirai da masu tsofaffi a baya. Ruwan ya zo bai bar gida ko ɗaya ba. An rasa waɗanda suke cikin teku a kwale-kwale da wasu da suka koma ɗaukar kaya, amma yawancin ƙauyen sun tsira. A kan tudun suka zauna watanni, suna cin kwakwa da rogo, Mak tana raba ruwan sha tana faɗa da kowa. Jami'in ya same su da jirgin agaji ya ba Yusuf lambar, amma tari ya riga ya kama tsohuwa, Yusuf bai iya barinta ya ƙetara inda waya take ba. A makon da ya wuce ta cika. Matan da ta kora kan tudu su suka yi mata wanka, aka yi mata salla, aka binne ta a can sama inda ake hango teku.

Ni da halina, tsalle na yi na miƙe. Na ce mu tafi Gwaram yanzu, in tsaya a bakin kasuwa in gaya wa duk wanda ya ce mata mahaukaciya cewa ranar da suka shimfiɗa tabarmi Mak tana raye tana rabon ruwa. Ta kama bakin zanena ta zaunar da ni.

"Malama, ba gaskiyata zan kai ba. Mutuwa zan kai. Ki raka ni Fagam."

Mun sami Gwaggo a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗar iri. Ta gan mu ta ci gaba da ɓararta. Aini ta cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa a cikin rana.

"Gwaggo, Mak ta rasu. An yi mata wanka, an yi mata salla, tana da kabari. Ba ni da wanda zai zauna mini sai ke."

Gwaggo ba ta ɗago ba. Ta ɓare gyaɗa ɗaya, ta ɓare ta biyu. Can ta ce, "Ranar da na je, tana raye?"

"Tana raye, Gwaggo."

Hannun Gwaggo ya tsaya a cikin ƙwarya. Sannan ta ce, kamar da kanta take magana, "Da na sa an yi wa rayayya makoki ke nan." Ta ɗaga murya ta kira surukarta ta ce a fito mata da buhun geron nan na bayan gado. Da aka jawo shi na gane shi, har igiyar bakinsa ita ce. Surukar ta raɗa mini cewa tun ranar da aka dawo da shi ta hana kowa taɓawa, ko da hatsin gidan ya yi ƙasa, in an tambaye ta sai ta ce yana da mai shi. Gwaggo ta dogara sanda ta miƙe tana nishi.

"Kin ja mini azumin kaffarar rantsuwa da tsufana, 'yar nan. Tashi daga cikin rana, ki ɗauko mini mayafina."

Wannan shi ne rabin labarin da ba ya zuwa kunnenku, kuma ke mai ba da labari a gidan biki, in za ki sake bayarwa ki kai shi nan. Washegari mutane suka cika gidanmu, daga Fagam, daga Kangire, daga Birnin Kudu, har da waɗanda suka daina aiko da kwano, suna gaisuwar tsohuwar da ba wanda ya taɓa gani sai muryarta. Liman ya ba da labarin tukunya da ludayi a zaure, maza suna girgiza kai. Amma kafin kowa ya shigo, Gwaggo ta hana a taɓa tabarmi. Ita da kanta ta sunkuya ta warware ta farko a tsakiyar gida, ta kamo hannun Aini ta zaunar da ita. Sannan ta ajiye sanda, ta durƙusa a gabanta da gwiwoyin nan nata masu ciwo. Tun da aka kawo Aini gidan, matar Sale Gwaggo take ce mata ko 'yar nan, ban taɓa jin ta kama sunanta ba sai ranar.

"Aini, ya haƙuri?"

"Da godiya, Inna," in ji ta.

Sai a lokacin ta yi kuka.